Ɗalibi da Abokin Zamansa: Jawabin Zaure Ba Ya Gyara Mu'amala

 

Yaron da ya bar Gagarawa ko Sule Tankarkar ya tafi Kwalejin Ilimi ta Gumel, ko Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ko Jami'ar Tarayya a Dutse, yana tafe da abu biyu da ba a rubuta su a takardar shiga ba. Na farko tarbiyyar gidansu: kunya, amana, girmama na gaba, sanin halal da haram. Ba ni da rigima da wannan. Na biyu zato: wane ɗan birni ne, ba a ba shi amana, wance mayafinta ƙarami ne, ba ta da kamun kai, wancan Kirista ne, a gaisa daga nesa, wannan ɗan ƙauye ne, bai iya Turanci ba, kada a sa shi cikin rukuninmu. Da wannan zaton yake zaɓen wanda zai ara wa littafi da wanda zai ci tuwo da shi, alhali yana ganin tarbiyya ce yake bi.

Shekara da shekaru ina jayayya da masu tsara harkokin ɗalibai a kan maganin wannan zato da suka yarda da shi. A tara sababbin ɗalibai a zaure, a yi musu jawabi kan zaman lafiya, a ƙara musu kwas na zama ɗan ƙasa nagari, a yi jarrabawa. Ɗalibi ya haddace, ya ci, ya koma ɗakin da ba kowa cikinsa sai 'yan garinsu.

Ga hujjata, kuma ba daga Turai na ɗauko ta ba, daga Kaduna ce. Wasu masu bincike biyu, Alexandra Scacco da Shana Warren, sun shirya wa samari Musulmi da Kirista horon kwamfuta na mako 16. Ƙuri'a ce ta raba azuzuwan: wasu suka faɗa ajin da aka cuɗa addinai biyun, wasu ajin 'yan addini ɗaya. Ba a yi wa kowa wa'azin haɗin kai ba, kwamfuta kawai aka koya musu. Da aka gama, aka tambaye su ra'ayinsu game da ɗaya ɓangaren, sannan aka gwada su da rabon kuɗi na gaske, a ga nawa mutum zai ba wanda sunansa ya nuna ba addininsu ɗaya ba. An buga sakamakon a 2018. Ra'ayi bai motsa ba. Abin da mutum yake faɗa kafin horon, shi yake faɗa bayansa. Amma wurin rabo, 'yan ajin cuɗanya sun fi 'yan ajin addini ɗaya adalci ƙwarai. Sai abin da nake so shugabannin makarantu su ji da kyau: waɗanda aka tara su ya-su-ya-su ne suka fi kowa fifita nasu. Wato barin ɗalibai su ware kansu ba zaman jiya-i-yau ba ne, ƙara nisa yake yi tsakaninsu. Tun 1954 Gordon Allport ya faɗi sharuɗɗan cuɗanya mai amfani: a zama daidai a matsayi, a haɗu kan buri ɗaya, a dogara da juna, hukuma ta mara baya. Jawabi ba ya cikinsu.

Mu a Maigatari bai kamata wannan ya zame mana sabon labari ba. Kowace Alhamis Bafillace da Buzu da Babarbare suna kawo dabbobi, ɗan kasuwar kudu ya zo da motarsa, dillali ya tsaya tsakani, a yi cinikin miliyoyi bisa amana. Ku tambayi kowannensu abin da yake faɗa kan ɗan'uwansa in ya koma gida, za ku sha dariya. Amma ba ya cin amanarsa, domin mako mai zuwa za su sake haɗuwa. Mun ga yadda garin nan ya yi sanyi da aka rufe iyakarmu da Nijar a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Kuma yaron da ke raina ɗan Damagaram ya manta cewa masarautar Gumel kanta ta zauna a Tumbi, wadda yau take cikin Nijar.

Na san amsar da ake ba ni: zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Amma tarbiyyar da ba za ta jure zama ɗaki ɗaya da baƙo na zango ɗaya ba, da ma ba ta kama ƙasa ba. Kuma kada a juya mini magana, ban ce a haɗa maza da mata a ɗakin kwana ba.

Abin da nake nema ba ya cin ko sisi. A raba gadajen kwana da ƙuri'a, ba da sanayya ba. Malami ya haɗa rukunin aikin aji da kansa, ya ba su maki ɗaya, don kowa ya buƙaci ɗan'uwansa. In za a tura ɗaliban Gumel koyarwar gwaji, a daina tura kowa makarantar unguwarsu tare da abokan ƙuruciyarsa. Ƙungiyoyin 'yan ƙaramar hukuma su tsaya kan neman tallafin karatu da taimakon marar lafiya, su fita daga rabon ɗakuna da zaɓen shugabannin ɗalibai.

Ku kuma iyaye, idan yaro ya bugo waya yana kukan an haɗa shi ɗaki da baƙo, don Allah kada ku nemo masa wanda zai sa baki a canja masa. Ku bar shi ya gama zangon.