Talauci da Wadata Maƙwabtan Juna Ne

Iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata, da 'yan'uwa baki ɗaya, Allah ya saka muku da alheri da kuka fito cikin wannan sanyi na Landan.

Mu 'yan kasuwa ne, ba malamai ba. Amma a yau muna so mu tuna wani malami da duk ɗan zongo yake alfahari da shi, wato Alhaji Umaru na Kete-Krachi. An haife shi a Kano wajen 1858, ya bi hanyar fataken goro har Salaga. Bayan yaƙin da ya watsa Salaga a 1892, ya koma Kete-Krachi, ya yi limanci da karantarwa har Allah ya karɓi ransa a 1934. Cikin waƙoƙin da ya rubuta da ajami akwai Waƙar Talauci da Wadata.

Malam bai ɗauki talauci shi kaɗai ya yi ta kuka a kansa ba. Ya ajiye shi kusa da wadata, kamar yadda mai shago ke shimfiɗa atamfa biyu don mai saye ya gane bambancinsu. Ya nuna yadda ake raina matalauci, ake girmama mai dukiya. Idan ka saurari ɓangarorin biyu tare, sai ka ga ashe halinmu ne ake aunawa, mu da muke tashi tsaye wa wannan, mu kawar da kai ga wancan. Shi kansa ya ga babbar kasuwa irin Salaga ta watse, don haka ya san masu arziki na iya wayar gari hannu wofi.

Wannan salo ba baƙo ba ne a wurinmu. Suratul Laili da yaranmu ke haddacewa ta fara da dare da yini, sannan ta jera mai bayarwa da marowaci. Kakanninmu ma sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

To, mu dubi kanmu. A Nima da zongon Kumasi, ana ɗaukan duk wanda ke Ingila attajiri. Amma mun san a cikinmu akwai mai aikin dare yana shara a ofisoshi, ya aika kuɗi gida, shi kuwa ya kwana bai kunna na'urar ɗumama ɗaki ba. Akwai uwar da kuɗin haya ya fi ƙarfinta, ta sa lalle da mayafi mai kyau ta zo suna, ba ta faɗa wa kowa ba. Kunya ce ke hana su magana, don sun ga yadda muke kallon marar shi.

Roƙonmu biyu ne. Wanda Allah ya buɗa wa, ya kawo zakka da sadakarsa ba tare da neman a ambaci sunansa ba. Wanda yake cikin ƙunci, ya same mu a keɓe bayan sallar Juma'a. Maganarsa amana ce, ba za ta fita ba. Da yawa cikin masu bayarwa a yau, an taɓa ciyar da su a shekararsu ta farko a ƙasar nan.

Iyayenmu dattawa, ku ne kuka san gidajen da aka yi shiru. Ku nuna mana ƙofar, mu za mu ƙwanƙwasa.

Allah ya jiƙan Alhaji Umaru da magabatanmu, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Wassalamu alaikum.