Abin Da Ke Ƙona Lasifikar Mota

(Jawabin da aka gabatar a taron Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, Gidan Igwai, Sakkwato)

 

Ni ma'aikacin gwamnati ne, ba bakanike ba, asara ce ta koya mani abin da zan faɗa. Bara na kashe kusan rabin albashina na sa wa motata babbar lasifikar nan mai gurnani, wadda samari ke kira wufa. Mako uku kacal, ranar rakiyar amaryar ƙanena, na ƙure murya. Sai ƙauri ya cika motar, gurnani ya ɗauke. Da na kai wa mai gyara ya buɗe, sai ya nuna mani naɗin wayar ya yi baƙi ƙirin.

Ga yadda abin yake. A cikin lasifika akwai siririyar wayar tagulla da aka nannaɗe, tana zaune cikin maganaɗisu. Wutar amfilifaya ke motsa ta gaba da baya, ita kuma ta tura faifan da ke ba da sauti. Mafi yawan wutar nan zafi take zama, kaɗan ce ke zama sauti. In zafi ya yi yawa, gam ya narke, waya ta ƙone. Ku haɗa da zafin Sakkwato a watan Afrilu, da kan wuce digiri 40, ga lasifika a kulle cikin but, mota a rana.

Saboda haka, na farko, kada babbar lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ku. Ku nemi inda aka rubuta RMS, shi ne ƙarfin da lasifika ke iya ɗauka na tsawon lokaci, ku daidaita shi da na amfilifaya.

Na biyu, in kun ji sauti ya fara karkarwa, amfilifaya ta kai iyakarta ke nan. A lokacin ne take ɗura wa wayar zafi. A rage murya nan take.

Na uku, malamanmu na kimiyya su gafarce mu, mun yi gyangyaɗi ranar da suka koyar da dokar Ohm ta 1827. Lasifika biyu masu om 4, in an haɗa su baki da baki a kan waya ɗaya, sun koma om 2. Amfilifayar da ba a yi ta don haka ba za ta ja wuta fiye da ƙima ta gasu.

Na huɗu, a sa ta cikin akwati daidai girmanta. In babu shi, faifan kan wuce iyakarsa ya yage.

Daga ƙarshe, lasifika tana da kasuwa, kunne ba shi da ita. Masana lafiya sun ce ƙarar da ta wuce desibel 85, in an daɗe cikinta, tana rage ji. Ga kuma haƙƙin maƙwabta da masu salla. Rigakafi ya fi magani.