Keke, gayya da rufin talaka: jawabi ga matasan Arewa



Yau kan keke zan yi magana, amma gida ne a raina. A daminar 2024 ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya. Har tsohon masallacin Damagaram ya faɗi. To, ina ga ɗakin laka na bazawara a Matankari ko Kore Mairuwa?

A Amurka an yi wata ƙungiya mai suna Bike & Build, wadda aka kafa a 2002. A lokacin, matasa kan hau keke su ratsa ƙasar daga bakin wannan teku zuwa wancan, tafiyar fiye da wata biyu. Kafin mutum ya hau, sai ya tara kuɗin taimako daga dangi da abokai. A hanya kuma suna da ranakun da suke ajiye keke, su kama aikin gini tare da ƙungiyoyi irin su Habitat for Humanity. Keken shela ne kawai, ainihin aikin shi ne gidan da aka bari a baya.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, sunansa gayya. Ku tambayi iyayenmu aikin da samariya ta yi a zamanin Seyni Kunce. Tattaki ma mun san shi: a 2015 Suleiman Hashimu ya taka daga Legas zuwa Abuja saboda Buhari ya ci zaɓe, duniya ta ji. In za a yi wa ɗan siyasa, me zai hana a yi wa marar ɗaki?

Ga shawarata. Daga Dogon Dutsi zuwa Yamai ta Doso, kan babbar hanya ta ɗaya, sama da kilomita 270 ne. Matashi mai lafiya zai yi ta a kwana huɗu. Kowane mahayi ya nemi masu ɗaukar nauyinsa, kowane kilomita da kuɗinsa, ko dala ashirin ce.

Kuɗin su tafi ina? Ba siminti da kwano za mu saya wa kowa ba, ba mu iyawa. Ɗakin laka daga ƙasa yake fara mutuwa: ruwa ya kwanta a gindin bango, ya cinye shi. Maganinsa tushe na dutse, da indararo mai kai ruwa nesa, da daina gini a kan hanyar ruwa. Dutse kuwa, garin da ake kira Dogon Dutsi ba ya rasa shi. Azara ta yi tsada, giginya na ƙarewa, amma tun shekarun 1980 ƙungiyar Development Workshop ta koyar da magina a ƙasar nan rufin tulluwa na tubali zalla, babu itace. A Yamai, Mariam Kamara da abokan aikinta sun gina gidajen Niamey 2000 da tubalin ƙasa matsattse. Laka ba abin kunya ba ce.

Sharuɗɗa uku nake so mu riƙe. Na farko tsaro: kun san halin da ake ciki, don haka da izinin hukuma, da rana, kan kwalta kaɗai. Na biyu gaskiya: duk dalar da ta shigo a rubuta ta a shafin nan, kowa ya gani. Na uku, mutanen unguwa ne za su zaɓi wanda za a gyara wa ɗaki, ba mu masu hoto a Facebook ba.

Da sanyin hunturu ake tafiyar, da rani ake gini, kafin ruwan farko na watan Yuni. Ko ɗaki goma muka tsayar tsakanin Tibiri da Geceme, iyali goma ne za su yi barci in hadari ya taso. Mai keke ya duba tayarsa, marar keke ya zo da cebur.

Allah ya ba mu sa'a.