Jawabin Sakataren Gidauniya a Taron Shekara: Ruwa, Tsafta da Sana'a ga 'Yan'uwanmu da Aka Raba da Gidajensu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sanya ruwa ya zama sababin rayuwa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.



Bayan haka, babu wanda ke wannan zaure da bai san abin da ya sami yankinmu ba. Tun daga kisan da aka yi a Kadisau ta ƙasar Faskari a watan Yunin 2020, da kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar wannan shekara, har zuwa harin masallacin Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi ana sallar asuba a Agustan 2025, mutanen ƙauyuka ba su daina kwararowa cikin gari ba. Yawancinsu ba a sansani suke ba. Suna raɓe ne a zaurukan dangi da kangwaye da gine-ginen da ba a ƙarasa ba, a Funtua da Malumfashi da Bakori da Dandume. Manoman da a da suke auno mana zakkar masara da dawa, yau su ne ke tsaye a ƙofarmu.

Da muka zaga wurinsu, mun tarar ruwa shi ne kukan farko. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji na duniya suka yarda da shi shi ne kowane mutum ya sami aƙalla lita 15 a yini, kada masai ɗaya ya wuce wa mutum 20, kuma a nisanta shi da rijiya da kimanin mita 30. Jarkar 'yan garuwa guda ba ta isar mutum biyu a wannan lissafi, balle gidan da ya kwana da mutum takwas ya wayi gari da ashirin. Inda masai ya cika, sai yara su koma bayan gida da bakin kwata, damina kuma ta kwashi ƙazantar ta zuba a rijiya. Ta wannan hanya amai da gudawa ke shiga. A 2021 cutar ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, kuma Jihar Katsina na cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Wasu daga cikinku sun tambaye mu dalilin da ya hana mu haƙa rijiyoyi da kuɗin zakka, alhali buƙata ta yi tsanani. Amsarmu ita ce, Allah da kansa Ya iyakance masu cin zakka gida takwas a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma abin da malamanmu na Malikiyya suka tafi a kai shi ne a mallaka ta ga mai haƙƙi, ba a yi aikin gayya da ita ba. Saboda haka muka raba asusu biyu. Zakka tana shiga hannun fakiri da miskini: hatsi, ko akuya, ko injin markaɗe, ko keken ɗinki, ko iri da taki ga wanda ya sami aron gona. Rijiya da masai kuwa daga waƙafi da sadaka suke fitowa, bisa koyi da Sayyidina Usman, Allah Ya yarda da shi, wanda ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi. Lissafin kowane asusu yana cikin shafukan da ke gaba.

Amana ta wajabta mana mu faɗi inda muka gaza. Akwai rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana da muka buɗe a wata unguwa, muka yi addu'a, muka watse. Ba mu ware ko sisi na gyara ba, ba mu kuma damƙa ta a hannun kowa ba. Da injinta ya ƙone sai ta yi watanni a tsaye, mata suka koma ɗibar ruwan kududdufi. Wanda ya ba da kuɗinta ya yi ne domin mahaifiyarsa da ta rasu, yana fatan lada mai gudana. Laifin namu ne, kuma mun nemi gafararsa.

Don haka muke gabatar muku da roƙo uku. Na farko, daga bana ba za mu haƙa rijiya ba sai kwamitin masallacin unguwar ya karɓi amanarta a rubuce, ya naɗa mai kula, ya buɗe ɗan asusun gyara. Na biyu, muna roƙon masu hali su yi waƙafin abin da ke haifar da kuɗi, kamar shago ko gona, yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Haibara, domin hayarsa ta riƙa ɗaukar gyaran famfo da yashe masai. Na uku, limamai su tunatar da manoma kafin kaka cewa idan hatsi ya kai wusuƙi biyar, wato kimanin kilo 650, zakka ta wajaba: kashi ɗaya cikin goma a noman damina, rabin haka a abin da aka shayar da inji. A fitar da ita kafin buhuna su kama hanyar kasuwar Dandume.

Muna kuma tunatar da ku masu masaukin baƙi. Akwai magidancin da rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara saboda yawan bakunan da yake ciyarwa, kunya kuma ta hana shi magana. Ku ne kuka san shi, ku kawo mana sunansa a asirce.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya mayar da kowa gonarsa lafiya, Ya karɓi abin da kuka bayar.