Wa Ke Riƙe da Makarantarmu?

Jawabi ga iyaye da dattawa a taron ƙauyuka

Yau zancenmu a kan hedimasta ne.

Yawancin makarantun yankinmu mishan ne suka kafa, gwamnati ta karɓe su a shekarun 1970. Shirin UPE na 1976 da dokar UBE ta 2004 suka cika azuzuwa da yara. Amma har yanzu, a wurare da yawa, wanda ya fi daɗewa a aiki ake ɗora wa makaranta, ko wanda yake da uwa a gindin murhu. Koyarwa ya koya. Ba wanda ya nuna masa yadda ake riƙe littafin kuɗi, ko duba darasin malami, ko tsawata wa wanda ba ya zuwa aiki. Sau da yawa ma yana da nasa aji, kuma kafin ya san iyayen yara an canja masa wuri. 'Ya'yanmu ne ke shan wahalar: yaro ya kai aji shida bai iya karanta wasiƙa ba.

Akwai hanyar gyara. Tun 1992 aka kafa cibiyar NIEPA a Ondo domin horar da masu tafiyar da makarantu. Daga 2008 shirin ESSPIN ya horar da hedimastoci a jihohi shida, har da Kaduna, Kano da Jigawa. An kuma ba mu kujera a kwamitin makaranta, wato SBMC, inda mai gari, mata, shugabannin addini da ɗalibai suke da baki.

Ga abin da za mu iya yi:

1. Mu zaɓi masu amana cikin kwamitin, a sa mata a ciki.
2. Kowane zango a karanta mana kuɗin da ya shigo da yadda aka kashe.
3. A riƙa duba rajistar zuwan malamai da ta yara.
4. Mu rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, mu roƙa a tura hedimastanmu kwas, a bar shi ya daɗe da mu.
5. Idan baƙo ne, mu samar masa ɗaki da ɗan fili na noma.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin a koma makaranta, kowane ƙauye ya zauna da hedimastansa, a tambaye shi abin da ya fi damunsa. Allah ya taimake mu.