Me ya sa malaman makarantun kuɗi ba sa daɗewa?

 

Yau zancenmu a kan makarantu masu zaman kansu ne, waɗanda aka fi sani da makarantun kuɗi. Cikinsu akwai ta mutum ɗaya, akwai wadda 'yan unguwa ko ƙungiyar makiyaya suka haɗa kuɗi suka gina, akwai Islamiyya mai haɗawa da boko, akwai kuma irin ta Faransanci da Larabci da aka saba da ita a Nijar. Daga Ƙonni da Illela har Ɗan Isa da Jibiya, daga Magarya har Maigatari, da wuya ka shiga gari ba ka ga allon ɗayarsu ba. Iyaye suna kai 'ya'yansu can ne don aji bai cika maƙil ba, kuma babu yawan yajin aiki. Sai dai kuka ɗaya ake ta yi a ko'ina: malamai ba sa zama. Yaro zai fara shekara da wani malami, kafin a kai hutun tsakiya ya ga na biyu, wani lokaci har na uku.

Wani zai ce, to mene ne a ciki, ai malami malami ne. Bari in tambayi iyayena makiyaya. In aka canja wa garke mai kiwo sau uku a damina ɗaya, yaya shanun za su kasance? Sabon mai kiwo bai san saniyar da ke da ciki ba, bai san mai gardama ba, bai san wadda ke komawa baya in an doshi mashaya ba. Kafin ya gane su an yi asara. Haka aji yake. Sai malami ya yi makonni kafin ya san wane yaro ne bai iya haɗa baƙi ba, wace yarinya ce take jin kunyar ɗaga hannu, wane ne ke zuwa bai karya ba. Ranar da ya tafi, da duk wannan sanin yake tafiya. Wanda ya gaje shi zai koma farko, ko kuma ya tsallake abin da yara ba su gane ba. Kuɗin makaranta dai an biya cif, amma karatun wata uku ya zube. Abin ya fi zafi a aji ɗaya da na biyu, inda ake koyon karatu da rubutu, da kuma ajin masu shirin jarrabawa.

Ƙarancin malamai bai tsaya a kanmu kaɗai ba. Hukumar UNESCO ta fitar da rahoto a 2024 cewa duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, kuma miliyan 15 daga ciki a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ne. Ma'ana, malami nagari kaya ne da ake rububi. Ku 'yan kasuwa kun fi ni sanin yadda farashi ke yi in kaya sun yi ƙaranci.

To me ke korar su? Na farko kuɗi ne, kuma kashi biyu ne: ƙarancinsa da rashin zuwansa a kan lokaci. A Najeriya, tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi Naira dubu 70 ne, amma dokar ba ta hau kan ma'aikatar da ke da ƙasa da mutum 25 ba, kuma yawancin ƙananan makarantun kuɗi ba su kai wannan adadin ba. A Nijar, mafi ƙarancin albashi ya tashi daga jaka 30 da 'yan kai zuwa jaka 42. Duk da haka akwai malaman da abin da suke karɓa bai kai ko ɗaya daga cikin biyun nan ba. Ga kuma tsadar rayuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi sama, Naira kuma ta faɗi har jaka ɗaya ta sefa ta haura Naira dubu biyu. Malamin da ke karɓar Naira a Jibiya ko Illela yana kallon wannan lissafin kullum. In ya ga ɗan kabu-kabu na samun albashinsa na wata cikin kwana goma, me kuke zato zai yi?

Su ma masu makarantu suna da nasu uzurin, kada mu ci zalinsu. Makarantar kuɗi ba ta da wata rijiya sai aljihun iyaye. Lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, ciniki ya tsaya, iyaye da yawa suka kasa biya, albashin malamai ya maƙale. Makiyayi kuma kuɗinsa ba na wata-wata ba ne. Yana zuwa ne ranar da ya sayar da dabba, kuma ba ya son sayarwa da bazara lokacin da ta rame.

Na biyu shi ne dogon hutu. A makarantu da yawa ana biyan malami watannin karatu kawai. Da an rufe makaranta sai albashi ya tsaya, alhali lokacin ne damina, rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada. Malami zai fita neman abin da zai ci, in ya samu kuwa ba lallai ne ya dawo ba.

Na uku shi ne aikin gwamnati. Ko da albashin ɗan kwantiragi a Nijar ba shi da yawa, yana da begen wata rana a ɗauke shi ma'aikaci na dindindin. A Najeriya kuma an yi doka a 2022 da ta ɗaga shekarun ritayar malaman gwamnati zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki, ga fansho. Malamin makarantar kuɗi sau da yawa ko takardar ɗaukar aiki ba shi da ita. Da baki aka ɗauke shi, da baki za a sallame shi.

Na huɗu, mutunci. Akwai uban da zai shiga aji ya wanke malami tas a gaban yara, yana cewa ai da kuɗina kake ci. Akwai mai makarantar da zai goyi bayan uban don kada ya cire 'ya'yansa. Malami yana iya haƙuri da ƙaramin albashi na wani lokaci, amma wulaƙanci a gaban ɗalibansa, ba kowa ke iya kwana da shi ba. Sai kuma tsaro: a wasu yankunan Jibiya da Madarunfa da Gidan Runji, baƙon malami yana tsoron kwana a ƙauyen da bai san kowa ba, kuma ba a ga laifinsa ba.

Yanzu ina mafita? Mu fara da lissafi, tunda da 'yan kasuwa nake magana. Misali ne kawai zan kawo. A ce makaranta tana da yara 120, kowane yana biyan jaka 3 a wata, wata 9 na karatu. Jimla jaka 3,240. A ce ɗaya cikin biyar bai biya ba, saura jaka 2,592. Malamai huɗu, kowane jaka 42, in aka biya su wata 12 cur, jaka 2,016 ke nan. Saura jaka 576 na alli da haya da gyaran benci. Ribar ba ta da yawa, amma makarantar ta tsaya da ƙafarta. Dabarar ita ce, a kowane watan karatu a ware jaka 56 saboda kowane malami, a ba shi 42, a ajiye 14. Wata 9 sau 14 ya ba da 126, daidai albashin wata 3 na hutu. Mai makarantar da ya cinye wannan 14 ɗin yana ganin ya ci riba, amma a Oktoba zai fito neman sabbin malamai, iyaye kuma su fara kwashe yaransu. Kowa ya sa nasa alƙaluman, na Naira ko na sefa, ya gani.

Sai a daidaita lokacin biya da lokacin samun iyaye. Manomi a karɓi nasa da kaka, ko da hatsi ne, a ƙiyasta shi da farashin kasuwar ranar a rubuta. Makiyayi a ba shi dama ya biya na shekara gaba ɗaya bayan damina, lokacin da dabba ta yi ƙiba, ko gab da Babbar Salla da raguna ke daraja. Wanda ya kai bijimi kasuwar Maigatari ranar Alhamis, kafin kuɗin su watse ya fara cire na makaranta. A buɗe asusu na dabam na albashi, da sa hannun mutum biyu, ɗaya daga kwamitin iyaye. A tsayar da ranar biya, kowa ya san ta.

Akwai kuma abin da ba sai an taɓa aljihu sosai ba. Ɗaki mai ƙofa da makewayi kusa da makaranta. 'Yar gona da za a ara wa malami da damina. Buhun gero da kaka. Ga kuma wata al'ada ta iyayenmu Fulani da ta dace da wannan matsala ƙwarai, wato habbanaye. Kun san ta: a ba mutum aron saniya ko akuya, ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'ya'yan ya sha nono, daga baya ya mayar da uwar. In ƙungiyar makiyaya ta ba malamin 'ya'yanta akuya biyu ko tunkiya a kan wannan sharaɗi, cikin shekara biyu yana da ɗan garkensa a garin. Mutumin da dabbobinsa ke turke a gari ba ya tashi dare ɗaya. A wurare da yawa mai kiwon haya ma ɗan maraƙi ake ba shi bayan wasu watanni, don an san in yana da rabo a garke zai fi kula da shi. Mai kiwon yara bai kamata ya kasa mai kiwon shanu ba.

Su kuma Alhazai, kun san yadda kuke yi da yaron shago. In ya yi shekaru yana riƙe amana, sai a sallame shi da jari. Shi ya sa yake jurewa, don yana hangen gaba. A yi wa malami irin wannan tsani a rubuce: bayan shekara biyu ga ƙarin da za ka samu, bayan shekara biyar ga matsayinka. In yana son ƙaro karatu, a taimaka masa da kuɗin rajista, a yi yarjejeniya zai dawo ya koyar na wasu shekaru. A Najeriya takardar NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, ana kuma iya yin ta a lokacin hutu ko ta hanyar Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, ga kuma rajista da hukumar TRCN. A Nijar akwai makarantun horon malamai a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Wani zai ce in na horar da shi gwamnati za ta ɗauke shi. Haka ne, wasu za su tafi. Amma wanda aka kyautata wa yakan bari a ƙare shekara, har ya kawo wanda zai maye gurbinsa.

Hanya mafi dorewa kuwa ita ce a raini malami daga gida. Baƙo daga nesa zuciyarsa tana garinsu. Ɗan gari ko ɗan ruga da ya yi karatu yana jin Fulatanci ko Buzanci, ya san lokacin tashi da na dawowa, iyaye kuma sun yarda da shi. Tun 1989 Najeriya ta kafa Hukumar Ilimin Makiyaya, kuma har yau samun malamin da zai zauna da jama'ar ruga yana cikin manyan matsalolin makarantunsu. Ardo da jama'arsa za su iya zaɓar yaro ko yarinya mai ƙoƙari, su haɗa kuɗin karatunsa, ya dawo ya koyar da ƙannensa. Kada a manta da 'yan mata. Malama 'yar gari takan daɗe, kuma ganinta na sa iyaye su bar 'ya'yansu mata a aji. Sai dai a ba ta haƙƙinta in ta haihu: dokar aiki ta Nijar ta ba da hutun mako 14, ta Najeriya mako 12. Makarantar da ke sallamar malama don ta yi ciki, ita ke korar ma'aikatan da suka fi zama.

Malamai, ku ma da naku. In an cika muku alƙawari, ku cika naku. Wanda zai tafi ya ba da sanarwa tun da wuri, ya bar littafin darasi a rubuce, ya yi ƙoƙari ya kai yara ƙarshen zango. Amanar yara ce, kuma za a tambaye ku.

Iyaye kuma, kafin ku biya kuɗin shekara mai zuwa, kada fenti da kayan makaranta su ɗauke muku hankali. Ku tambayi shugaban makaranta abu uku. Malamai nawa ne cikin na bara suka dawo bana? Ana biyan su a watannin hutu? Suna da takardar aiki a rubuce? In ya yi ta kame-kame, to kun samu amsa. In kuma ya amsa da kyau, ku taimaka masa da biya a kan lokaci. Ranar 5 ga Oktoba ce ranar malamai ta duniya, kuma tana zuwa ne a farkon shekarar karatu. Kwamitin iyaye ya zauna da mai makaranta da malamai a wannan makon, a rubuta ranar albashi, a rubuta abin da gari zai ɗauka na masauki ko hatsi ko dabba, kowa ya sa hannu.

Nan za mu dakata. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ba da damina mai kyau da kasuwa mai riba, ya zaunar da iyakokinmu lafiya.