Ledar da ke cinye takardun gado



Yau ba maganar hawan jini na zo da ita ba. Bara da na je gida hutu, na buɗe akwatin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, na tarar da takardar gonarmu manne da ledar da ni kaina na saka ta ciki. Ledar ta yi danƙo, rabin rubutun ya koma jikinta. Da a ce rigimar iyaka ta taso, da me za mu je gaban alƙali?

Laifin robar PVC ne. Mu likitoci mun san ta, da ita ake yin jakar jini. Ana haɗa ta da sinadarin da ke sa ta laushi, a hankali kuma yakan tsattsafo. Idan ta tsufa tana fitar da asid mai cin takarda, zafin Riyad da ke kai wa digiri 45 kuwa yana hanzarta ɓarnar.

Kafin ku sayi leda, ku duba lambar da ke cikin ɗan alwatikan jikin fakitin. Lamba 3 ita ce PVC, ku bar ta. Lamba 1, 2, 4 da 5 ba su da wannan illa. Ledar da ke warin sabuwar roba ko take da maiƙo, ku guje ta. In kuna shakka, ku gasa wayar tagulla, ku taɓa gefen ledar, ku mayar da ita wuta a waje: harshen wuta kore alamar PVC ce.

Ko leda mai kyau ba ta dace da komai ba. A gida, takarda mai laima in aka rufe ta da damina, fumfuna za ta yi. Littattafan ajami masu tawada da ke ɓarɓashi kuma, ledar kan ɗebe tawadar. A naɗe su cikin takarda marar asid, kamar yadda ake adana rubuce-rubucen hannu a wurare irin su Cibiyar Sarki Faisal da aka kafa nan Riyad a 1983. Kada ku kai takardar gado a liƙe ta da injin zafi, don ba ta sake fita.

Roƙona, kowa ya kira gida cikin makon nan, a ɗauki hoton takardun da waya, sannan a duba ledarsu.

Allah ya sa mu bar wa na baya abin da aka bar mana.